Amsoshin Tambayoyinku: Wane ne Shankara, malamin Hindu mai sharhin littattafai?

Wani ɗan'uwa mai sayar da littattafan addini a Babbar Kasuwar Gombe ne ya aiko da tambayar wannan makon. Ya ce ƙanensa da ke karatu a Indiya ya turo masa hoton wani saurayi da ya yafa mayafi ruwan goro har ka, riƙe da sanda, almajirai huɗu na zaune a gabansa. Ƙanen ya ce masa wannan shi ne babban malamin da ya yi wa littattafan addinin Hindu sharhi, kuma ya rasu yana da shekara 32 kacal. Ga tambayar tasa: ashe mabiya Hindu suna da littattafai har da sharhi, ba gumaka da waƙa da rawa kawai ba kamar yadda muke gani a fim? Wane ne wannan mutum, boka ne ko mai gudun duniya? Kuma me ya koyar da har yanzu ake maganarsa?

Malam, na gode, kuma na ji daɗi da tambayar ta fito daga mai littattafai, domin rabin amsar tana nan jere a kantarka. Sunan mutumin Shankara. Mabiyansa suna ce masa Adi Shankaracharya, wato Malam Shankara na farko.

Mu fara da littattafan. Fim ba ya nuna su, don karatu ba ya sayar da tikiti, amma suna nan da yawa, kuma da harshen Sanskirit aka tsara su, tsohon harshen ilimi na ƙasar Indiya. Mafi tsufa su ne Veda guda huɗu, waɗanda aka riƙa haddacewa baki da baki tun fiye da shekara dubu kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. A ƙarshen Veda ɗin akwai wasu sassa da ake kira Upanishad, inda aka bar zancen yanka da hadaya aka koma tambayar mene ne rai, mene ne asalin duniya. Sai Bhagavad Gita, baiti 700 a babi 18, hira ce tsakanin jarumi Arjuna da abin bautarsu Krishna a bakin fagen yaƙi. Na uku shi ne Brahma Sutra, wanda ake jingina wa wani malami mai suna Badarayana. Shi wannan gajerun jumloli ne 555, wasu ba su wuce kalma biyu ko uku ba, an matse su ne don almajiri ya haddace.

To, kai da kake sayar da Muhtasar na Halilu ka san abin da ake nufi da matsewa. Ba wanda ke ɗaukar Muhtasar shi kaɗai ya ce ya gane. Sai ya nemi sharhin Dardiri, shi ma Dardirin sai an jingina shi da hashiyar Dasuƙi. Haka Risala take da Samarud Dani. Brahma Sutra ya ma fi Muhtasar ƙulli. A wurin malaman wannan fanni a Indiya, wanda yake so a san da mazhabarsa yakan yi wa waɗannan ukun sharhi, Upanishad da Gita da Brahma Sutra. Sharhin Shankara a kan Brahma Sutra shi ne mafi tsufa da ya iso hannun mutane cikakke.

Game da rayuwarsa, ka riƙe abu ɗaya tun farko. Littattafan da suka ba da tarihinsa an rubuta su ne ɗaruruwan shekaru bayan rasuwarsa, kuma masoyansa ne suka rubuta, saboda haka tarihi da karama sun cakuɗe a ciki. Shekarun da aka fi bugawa su ne 788 zuwa 820, wato zamanin Haruna Rashidu a Bagadaza, kuma shekarar rasuwar tasa ta zo daidai da ta Imamu Shafi'i. Masu bincike da yawa na yanzu suna mayar da shi baya kaɗan, wajen 700 zuwa 750. Wasu gidajen mabiyansa kuwa suna kai shi har ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa, abin da malaman tarihi ba su karɓa ba, domin a cikin littattafansa ya yi jayayya da ra'ayoyin da ba su bayyana ba sai can daga baya.

An ce an haife shi a ƙauyen Kaladi, a bakin kogin Periyar, a jihar Kerala ta yau, can kudu maso yammacin Indiya. Gidansu na Brahmin ne, wato jinsin malamai da limamai. Mahaifinsa Shivaguru ya rasu yana ƙarami, ya bar shi da mahaifiyarsa Aryamba, shi kaɗai gare ta. Yaron ya so ya bar duniya, uwa ta ƙi, kuma wa zai ga laifinta? Labarin ya ce wata rana yana wanka a kogi, yana da shekara takwas, kada ya cafke masa ƙafa. Ya yi wa uwarsa kira ya ce ta yarje masa ya mutu yana mai gudun duniya. Ta yarda cikin kuka, sai kadan ya sake shi. Kafin ya tafi ya yi mata alkawari cewa ranar da za ta cika zai dawo.

A nan zan amsa zancen boka. Shankara ba boka ba ne, ba ya duba, ba ya ba da magani. Sanyasi ne, wato wanda ya yanke hulɗa da gida da dukiya da aure. A tsarin Hindu rayuwar namiji mataki huɗu ce: almajiranci, zaman iyali, janyewa gefe idan girma ya zo, sannan barin komai. Wanda ya shiga matakin ƙarshe ana yi masa al'adar da ke nuna kamar ya mutu ga danginsa. Yakan sa tufa ruwan goro, ya ɗauki sanda da butar ruwa, ya ci abin da aka ba shi sadaka, ba ya daɗewa a gari ɗaya sai da damina. Shankara ya tsallake matakai biyu na tsakiya, daga almajiranci ya faɗa na ƙarshe. Ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 a ƙasa zuwa bakin kogin Narmada, ya zauna gaban wani malami mai suna Govinda. Malamin Govinda kuwa, a faɗar mabiyansu, shi ne Gaudapada, wanda baitocinsa a kan ɗaya daga cikin Upanishad suna nan har yau. Daga nan ya wuce Banaras, birnin malamai a bakin kogin Ganga. Masu tarihinsa sun ce kafin ya wuce shekara 16 ya gama manyan sharhohinsa.

Bari in nuna maka yadda yake aiki, domin a nan ne gwanintarsa take. Jumlar farko ta Brahma Sutra tana nuna cewa neman sanin Brahman, wato haƙiƙar asali a wurinsu, yana farawa ne bayan wani abu ya gabata, amma ba ta faɗi ko mene ne abin ba. Mai karatu da gaggawa zai wuce. Shankara ya tsaya cak ya ce: bayan me? Akwai malaman da ke cewa bayan mutum ya ƙware a ilimin hadaya da ibadun Veda ne. Ya kawo maganarsu, ya auna ta, ya ce a'a, mutum na iya neman wannan sani ko bai bi ta can ba. Abin da ya wajaba ya gabata, in ji shi, halaye ne na zuciya: mutum ya iya rarrabe abin da ke dawwama da mai gushewa, ya cire kwaɗayin sakamako na nan duniya da na bayan mutuwa, ya mallaki natsuwa da kamewa da juriya, sannan ya kasance da ƙishirwar kuɓuta. Ka ga daga gurbi ɗaya da marubucin asali ya bari a buɗe, mai sharhi ya sauya wanda ya cancanci shiga makarantar baki ɗaya. Wannan ne ya sa nake ganin kuskure ne a ɗauki mai sharhi a matsayin ɗan rakiyar matani. Sau da yawa shi ne ke yanke hukuncin yadda al'umma za ta riƙa jin littafinta har shekara dubu.

Salonsa kuma ba zai zama baƙo gare ka ba. Yakan fara da kawo hujjar abokin jayayya, ya gina ta da kyau har ka ce ita ce gaskiya, sannan ya warware ta zare bayan zare. Almajiran zaure sun san irin wannan a littattafan Larabci, inda malami zai ce idan ka ce kaza, sai in ce maka kaza. Da wannan hanya ya fuskanci mabiya Buddha, da mabiya Jain, da mazhabar Sankhya mai cewa asalin halitta biyu ne. Har waɗanda ba su yarda da shi ba sun shaida cewa rubutunsa na Sanskirit sarai yake, ba ya ɓoye rauni a bayan manyan kalmomi.

Koyarwar tasa ana kiranta Advaita, ma'ana babu na biyu. A taƙaice yana cewa haƙiƙa ɗaya ce tak, ita ce Brahman, wadda ba ta da siffa, ba ta da iyaka, ba ta canzawa. Ainihin ran mutum, wanda suke kira Atman, a wurinsa ba wani abu ba ne daban da Brahman. Abin da ya sa mutum yake ganin kansa a ware shi ne jahilci, wanda ke sa a ɗora wa abu siffar da ba tasa ba. Misalin da mazhabarsa ta shahara da shi na igiya da maciji ne. Ka ɗauka kana rufe shago bayan magariba, an ɗauke wuta, ka hangi wani abu a naɗe a bakin ƙofa. Gabanka ya faɗi, ka ja da baya, gumi ya keto maka. Maƙwabcinka ya haska tocila, ashe igiyar da aka ɗaure katan ɗin littattafai ce. Tsoron da ka ji na gaske ne, amma maciji bai taɓa kasancewa a wurin ba, kuma ba sanda ce ta kore shi ba, haske ne. Daga nan Shankara ya ɗauko babbar hujjarsa: tunda jahilci ne ya ɗaure mutum, sani ne kaɗai zai kwance shi. Ibada da kyawawan ayyuka suna wanke zuciya su shirya ta, amma ba su ne ke kwance ɗaurin ba. Kuɓutar da yake nufi ita ce fita daga zagayen mutuwa da sake haihuwa, wanda mabiya Hindu suka yi imani da shi.

Mutane sukan ce wai ya koyar da cewa duniya ƙarya ce. Ba haka ya faɗa kai tsaye ba. Ya yarda cewa a zaman yau da kullum ciniki ciniki ne, bashi bashi ne, yunwa yunwa ce, kuma dokokin addini suna kan mutum. Abin da ya ce shi ne wannan duka gaskiya ce ta mataki na ƙasa, wadda ke tsaye har zuwa lokacin da sani ya zo.

Wani gyaran kuma ya fi wannan muhimmanci gare mu. Idan Bahaushe ya ji an ce haƙiƙa ɗaya ce, zai iya cewa ashe tauhidi ne. Ba shi ba ne. A Musulunci Allah Mahalicci ne, bawa abin halitta ne, kuma wannan bambanci ba ya gushewa ko a Aljanna. Mutum sau ɗaya yake rayuwa, ya mutu, a tashe shi, a yi masa hisabi. Shankara kuwa yana cewa a ƙarshe babu bambanci tsakanin mai nema da abin nema. Wasu marubuta sun kwatanta maganarsa da wahadatul wujudi da ake dangantawa da Ibnu Arabi, wasu ma sun yi zaton ya ji wani abu daga fataken Larabawa da ke zuwa gaɓar Kerala. Littattafansa ba su nuna haka ba. Jijiyoyin maganarsa suna cikin Upanishad da baitocin Gaudapada. Adalci gare shi da gare mu shi ne a bar kowa a inda ya tsaya.

Cikin labaran yawonsa, wanda aka fi so shi ne muƙabalarsa da Mandana Mishra, magidanci kuma gwani a ilimin hadaya. Sharaɗin shi ne wanda aka kayar zai bi hanyar wanda ya yi nasara: ko magidanci ya bar gida, ko mai gudun duniya ya yi aure. Alƙalin da suka amince da shi kuwa matar Mandana ce, Ubhaya Bharati, don an san ta da ilimi. An ce ta rataya wa kowannensu sarƙar furanni a wuya, ta ce wanda tasa ta fara yaushi shi ne ya faɗi. Aka kwana da yawa ana fafatawa, ta mijinta ta yi yaushi, ita kuma ta faɗi gaskiya a kan mijinta.

Amma ni labarin da ya fi taɓa ni shi ne na mahaifiyarsa. Da ajalinta ya matso ya koma Kaladi kamar yadda ya yi alkawari. A ƙa'idarsu sanyasi ba ya yi wa kowa jana'iza, tunda ya riga ya fita daga dangi. Ya ce shi zai yi wa uwarsa. Dangi suka juya masa baya, suka ƙi kama masa, suka hana shi ko wutar da za a ƙona gawar da ita bisa al'adarsu. Shi kaɗai ya ɗauke ta zuwa bayan gidansu ya yi mata abin da ya dace. Mutumin da ya ce duk alaƙar duniya mai gushewa ce, ga shi ya karya dokar 'yan'uwansa masu gudun duniya saboda haƙƙin uwa. Ko masoya ne suka ƙawata labarin, sun san abin da suke so a tuna malaminsu da shi.

Ba zan ɓoye maka inda nake ganin ya gaza ba. Akwai labarin da ke cewa a Banaras ya haɗu da wani mutum daga jinsin da ake ƙyama, tafe da karnuka huɗu, ya ce masa ya kauce. Mutumin ya tambaye shi wa zai kauce, jiki ko rai, alhali kai ne ka ce rai ɗaya ne? Shankara ya rusuna masa. Labari ne mai kyau. Sai dai a cikin sharhinsa na Brahma Sutra, wanda ba a shakkar nasa ne, ya tsaya a kan cewa jinsin Shudra, wato na ma'aikata da barori, ba su da izinin karatun Veda, ko da yake ya ce suna iya samun sani ta wasu littattafan. Mai cewa babu na biyu ya bar katangar da ke tsakanin mutane a tsaye, kuma 'yan Indiya da kansu suna yi masa wannan ƙorafi har yau.

Wata tambayar da za ta iya zo maka ita ce yadda mai shekara 32 ya yi wannan aiki duka. Littattafan da ake jingina masa sun haura 300, har da waƙoƙin yabo masu yawa, amma ba duka ne nasa ba. Mu ma nan mun san yadda ake rataya wa babban malami waƙa ko addu'a don ta samu karɓuwa. Masu bincike irin su Paul Hacker na Jamus da Sengaku Mayeda na Japan sun ɗauki sharhin Brahma Sutra a matsayin ma'auni, suka duba yadda yake amfani da kalmomi, suka gwada sauran da shi. Abin da ya tsira shi ne wannan sharhin, da na Gita, da na manyan Upanishad wajen goma, da wani littafi nasa na kansa mai suna Upadeshasahasri. Ko wannan kaɗai ya isa aikin mai dogon rai. An ce ya rasu a Kedarnath, cikin duwatsun Himalaya.

Almajirai huɗun da ke cikin hoton su ne Sureshvara da Padmapada da Hastamalaka da Totaka. Mabiyansa sun ce ya kafa gidajen karatu huɗu a kusurwoyin ƙasar ya damƙa musu: Sringeri a kudu, Dwaraka a yamma, Puri a gabas, Joshimath a arewa. Birnin Kanchi ma yana da nasa gidan da ke danganta kansa da shi. Shugabannin waɗannan gidaje har yau laƙabinsu Shankaracharya. Malaman tarihi sun lura cewa sunan Sringeri da na Shankara kansa sun ƙara ɗaukaka ne a ƙarni na 14, lokacin da sarakunan Vijayanagara suka tallafa wa gidan. A 1983 aka yi fim ɗin rayuwarsa, wanda shi ne fim na farko da aka yi da harshen Sanskirit, kuma a 2023 aka buɗe mutum-mutuminsa mai tsawon ƙafa 108 a Omkareshwar, bakin Narmada, an siffanta shi yana yaro ɗan shekara 12.

Kada ka ɗauka duk mabiya Hindu sun bi shi. Ramanuja, wanda ake cewa ya rasu a 1137, ya yi wa Brahma Sutra ɗin nan nasa sharhin, ya ce rai da duniya gaskiya ne, kuma kuɓuta tana cikin ƙauna da miƙa wuya ga abin bautarsu Vishnu. Madhva a ƙarni na 13 ya ƙara nisa, ya ce abin bauta daban, bawa daban, har abada. Wasu abokan jayayyar Shankara ma sun zarge shi da cewa mabiyin Buddha ne a ɓoye. Littafi ɗaya, jumloli iri ɗaya, mazhabobi uku masu karo da juna. Har adadin jumlolin ya bambanta a hannunsu, domin wani ya haɗe biyu wuri ɗaya, wani ya raba ɗaya gida biyu.

Shi kuma sharhin Shankara bai daɗe ba ya zama matani. Vachaspati Mishra na ƙasar Mithila ya yi masa sharhi mai suna Bhamati. An ce sunan matarsa ne: ya shagala da rubutu shekara da shekaru, wani dare ya ɗaga kai ya ga mace tana gyara masa fitila, ya tambaye ta ko wace ce, ta ce matarka ce. Kunya ta kama shi, ya sa wa littafin sunanta. A ƙarni na 13 Amalananda ya yi wa Bhamati sharhi, a ƙarni na 16 Appayya Dikshita ya yi wa na Amalananda. Hawa huɗu ke nan a kan jumloli 555.

Malaman Musulunci ba su ɗauki sanin irin wannan a matsayin ɓata lokaci ba. Albiruni ya koyi Sanskirit, ya zauna da malaman Indiya, ya kammala littafinsa a kan ƙasar Hindu wajen 1030, inda ya riƙa kawo maganarsu yadda suke faɗarta kafin ya ce komai. Shahrastani ya ware musu sashe a Almilal wan Nihal. A 1657 Dara Shikoh, ɗan Sarki Shah Jahan wanda ya gina Taj Mahal, ya tara malamai daga Banaras suka juya Upanishad wajen 50 zuwa Farisanci. Daga wannan fassarar ce wani Bafaranshe, Anquetil-Duperron, ya fitar da ta Latin a 1801 da 1802, ta nan Turawa da yawa suka fara jin abin da ke cikinsu. Sharhin Shankara na Brahma Sutra kuwa George Thibaut ya fassara shi da Ingilishi a juzu'i biyu, a 1890 da 1896. Yana da nauyi ga mai farawa. Sharhinsa na Gita ya fi sauƙin shiga, domin baitocin Gita cikakkun zantuka ne da mai karatu zai iya bi ya ga inda mai sharhi ya tsaya tare da matani da inda ya ja shi zuwa nasa ra'ayin.